Kafin Su Rubuta, Sai da Suka Karanta

 

Akwai wata tambaya marar daɗin ji da ya kamata mu riƙa yi wa kanmu: yaushe rabonmu da mu karanta littafin Hausa daga bangon farko har na ƙarshe, wanda ba mu muka rubuta ba, ba kuma aboki ko ƙawa ce ta roƙe mu mu duba mata ba? Da yawanmu in aka tambaye mu abin da muke rubutawa, nan take za mu lissafo labari uku ko huɗu da ke kan hanya. In aka tambaye mu abin da muke karantawa, sai mu hau sosa ƙeya. Wasunmu har tinƙaho suke yi da cewa ba sa karanta na kowa, wai don kada salon wani ya gurɓata nasu.

A wannan mako muna so mu kai wannan magana gaban tarihi. Za mu bi sawun ƙagaggun labaran Hausa daga 1933 zuwa yau, muna duba abin da marubutan suka karanta kafin su ɗauki alƙalami. Abin da muka lura da shi shi ne, duk lokacin da rubutun Hausa ya yi sabon tsiro, a hannun masu karatu ya yi shi.

KARATU KAFIN BOKO

Bahaushe bai fara karatu da zuwan Turawa ba. Tun ƙarnoni kafin nan, almajirin da ya sauke Alƙur'ani yakan wuce zauren ilimi, ya karanta fiƙihu da nahawu da lugga. Cikin littattafan lugga akwai Ishiriniya, da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da Maƙamatul Hariri. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajis suka riƙa ɗaukar su zuwa ƙauyuka suna rera wa mata. Karatu a wancan zamani abin taro ne, mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara.

Ƙirƙirarren labari kuwa wurinsa daban. Na tatsuniya ne, na dare, na kaka da jikoki. Shi ya sa a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai da Hausar boko, abin da ya fi ba shi wuya shi ne shawo kansu su yarda cewa wannan aiki ne da ya dace da mai ilimi. Daga wannan gasa aka samu littattafai biyar da har yau muke ambato: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa.

IMAM, SAURAYI MAI KARATU BIYU

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ke nan shekararsa 22 kacal lokacin gasar, sa'an da yawa daga cikinmu. Ɗan gidan malamai ne, ya tashi da karatun Larabci, sannan ya yi Kwalejin Katsina ya samu Turanci. Da ya zauna zai rubuta Ruwan Bagaja, ba da hannu biyu ya zauna ba.

Wanda ya san Maƙamatul Hariri zai gane inda muka dosa. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, littafinsa kuma maƙama hamsin ne. A cikinsu mutum biyu, Harisu da Abu Zaidi, suna ta haɗuwa gari bayan gari, kullum da sabuwar dabara. Yanzu a duba Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman: duk garin da ɗaya ya sauka sai ya tarar da ɗaya, wannan ya yi wa wannan, wancan ya rama. Imam bai ɓoye wannan ba, shi da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa daga Hariri ya samo dabarar. Amma kasuwannin da ke cikin Ruwan Bagaja namu ne, alƙalan namu ne, barkwancin namu ne. Ginshiƙi ya aro, ƙasar ginin kuwa a bayan gidansu ya haƙo ta.

A 1936 aka ɗauko shi daga koyarwa a Midil ta Katsina zuwa Zariya. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummai, ya shafe kimanin wata shida yana karantawa yana rubutawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labarai sama da tamanin. Masu nazari, musamman Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin labaran sun gano tushen da yawansu: wasu daga Alfu Laila, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan uwan nan Grimm. Shi kansa akun da ke tsare mutum da labari don kada ya fita, tsohuwar dabara ce a adabin Indiya da Farisa.

Mu ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A tatsuniyar Jamusawa wata kuku ce ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta kuma haɗa maigida da baƙon tsere don ta rufa wa kanta asiri. Imam ya mai da su miji da mata, ya zaunar da su a gidan Bahaushe, ya sa musu bakin Hausa. Mu da muka karanta shi a firamare, wa ya taɓa kawo wa ransa cewa Kalalatu tana da dangi a Jamus?

Sauran 'yan gasar ma kowa da abin da ya sha. Bello Kagara, wan Imam, ya haɗa labarin yaƙin Turawa da ya tashi yana ji da kirarin jarumai da duniyar aljanu irin ta hikayoyin Larabawa, ya fitar da Ganɗoki. Tafawa Ɓalewa ya tsaya a ƙasa, ya rubuta labarin bauta da fataucin Sahara da uwar da ta bi sawun ɗanta, cikin harshe mai natsuwa wanda babu kalmar da ta yi yawa a ciki.

DA MASU KARATU SUKA ƘARU

Littafi ba ya rayuwa in babu mai karanta shi. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta. Jaridar ta saba wa mutane da karanta Hausar boko a kai a kai, ta kuma buɗe musu filin wasiƙu, inda mai karatu ya fara ganin sunansa a buge. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya. A shekarun 1950 aka shiga Yaƙi da Jahilci, manya suka zauna ajin yamma suna koyon a, ba, ca, hukumar NORLA kuma ta riƙa buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya.

A wannan zango ne aka samu Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mu da yawa mun girma muna ɗaukar Iliya ɗan ƙasarmu ne, alhali asalinsa jarumin hikayoyin Rashawa ne, Iliya Muromets, gurgun da ya miƙe ya zama barde. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaron Bahaushe ya kai shi sararin samaniya, a daidai shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata. Wanda bai bin abin da duniya ke ciki ba zai yi tunanin wannan labari ba.

NORLA ta rushe a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Macmillan, ya gaji littattafan da aka bari. Sai dai kasuwarsa makarantu ce, don haka abin da ya fi bugawa shi ne abin da manhaja ke so. Sabbin ƙagaggun labarai suka yi ƙaranci, aka shafe shekaru ana juya tsofaffin.

'YA'YAN SINIMA DA LITTATTAFAN ALJIHU

A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika azuzuwa, ciki har da 'yan mata masu yawa. Cikin 'yan shekaru aka samu dubban matasa da suka iya karatun Hausa, suna neman abin karantawa da ya yi kama da rayuwarsu. Waɗanda suka yi sakandare suna karanta James Hadley Chase da Mills & Boon da jerin Pacesetters, wanda ɗaya daga cikin na farkonsa, The Undesirable Element na 1977, Bakano ne ya rubuta shi, Mohammed Sule. Da dare kuma ga finafinan Indiya a sinima.

Wannan karatu da wannan kallo sun bayyana a rubutu. A 1980 NNPC ta buga littattafan da suka yi nasara a gasarta: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga wa mace. A 1982 gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta ba mu Turmin Danya, labarin fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Duk wanda ya bi Mailoma a wannan littafi zai ji ƙamshin labaran ta'addanci na Turawa, amma yaƙin basasar da ya haifar da shi namu ne, raunin da ya bari ma namu ne.

Daga nan tattalin arziki ya karye. Bayan shigowar SAP a 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya. Masu karatun nan da suka rasa abin karantawa sai suka ce bari su rubuta da kansu, su kai maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta riga ta buɗe ƙofa da Rabin Raina a 1984. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta koma karatu da girmanta, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka kafu, suna taimakon juna wajen bugu da rarrabawa.

Mu da muka riski wannan zamani mun san yadda abin yake. Littafi yakan fito kashi-kashi, na ɗaya ya tsaya a daidai inda rai ya fi so, a yi ta jiran na biyu. Daga shagunan Sabon Gari da bakin Bata a Kano 'yan sari suke ɗauka su kai Gusau da Jos da Maraɗi da Damagaram. A unguwa akwai mai shagon haya, ka ba da 'yan kuɗi kaɗan ka karɓa, gobe ka mayar. Littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar, ya dawo bangonsa ya rabu da jikinsa. Wadda ba ta iya karatu ba ƙanwarta ta karanta mata, ko ta jira lokacin da ake karantawa a rediyo. Karatun taro na zamanin jajis ya dawo da sabuwar riga.

SUKA DA WUTA

Ba kowa ya yi murna ba. Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsa ba zai yi ƙarko ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya masa, suna cewa ya sa mutane karatu, ya kuma ba mata bakin faɗin abin da ke damunsu. An shafe shekaru ana wannan muhawara a shafukan jaridu, musamman waɗanda Ibrahim Sheme ya riƙa kula da su. A 2007 abin ya wuce muhawara, aka tara littattafai aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

A namu ra'ayin, kowane ɓangare na masu muhawarar yana da tasa gaskiyar, kuma tarihin karatu ne ya raba gardamar. Littattafan da suka ɗauki fim ɗin Indiya sukutum suka sauya wa taurarin suna kawai, yau wa ke tuna su? Waɗanda suka rayu su ne na marubutan da suka narkar da abin da suka karanta da abin da suka kalla, suka haɗa da abin da suka gani da idonsu a tsakar gida. Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda miji ya wulaƙanta ya kore ta da 'ya'ya, kowa ya san irinta a unguwarsu. Shi ya sa a 2012 Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi. Labarin da aka ce kwaikwayon Indiya ne irinsa, sai ga shi Indiyawa na saye suna karantawa.

INDA MUKE YAU

Yanzu maɗaba'a ta koma cikin waya. Muna rubutu a WhatsApp da Facebook da Wattpad, shafi ya fita da safe, kafin azahar an yi sharhi ɗari. Gasa ma ba ta ƙare ba, tun 2016 BBC Hausa take shirya Hikayata domin mata. Babu zamanin da fitar da rubutu ya yi sauƙi kamar namu.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Imam ya karanta Basra da Bagadaza da Jamus kafin ya rubuta Kalalatu. Mu da yawanmu junanmu kawai muke karantawa, shi ma na makon jiya. Shi ya sa labaranmu suke kama da juna kamar an buga su a injin bulo ɗaya: attajirin saurayi mai girman kai, yarinya marainiya, muguwar kishiyar uwa, auren dole da ya rikiɗe ya zama soyayya. Wanda ya ce ba ya karatu don kada salon wani ya shige shi, salon ya riga ya shige shi, na mutum ɗaya ko biyun da ya taɓa karantawa, bai ma sani ba. Mai karatu da yawa shi ke da zaɓi. Marar karatu abin da ya tsinta shi zai maimaita.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan. Yawancin littattafan shekarun 1990 a takarda mai araha aka buga su, ba a sake bugawa ba, shagunan haya kuma sun rufe. Gara da ɗigon damina suna cin tarihinmu a cikin kwalaye. Duk wanda ke da irin wannan kwali a ɗakin mahaifiyarsa ko yayarsa, ya san dukiya yake ajiye da ita. A fito da su, a kakkaɓe, a adana.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA A KARANTA

Ba jerin gwanaye muke yi ba. Kowane littafi a nan akwai abin da marubuci zai koya a cikinsa.

Magana Jari Ce, musamman na ɗaya. A wannan karon kada a karanta don dariya kawai. A lura da yadda kowane labari yake da dalilin zuwansa a inda ya zo, da yadda hira take tafiyar da labari ba tare da dogon bayani ba.

Shaihu Umar, ga mai yawan zuba. Ƙaramin littafi ne, amma ya ratsa Sahara ya dawo. Mu da muke kai labari shafi ɗari biyu kafin jarumi ya gaisa da jaruma, a nan za mu koyi taƙaitawa.

Jiki Magayi, ga mai rubuta soyayya. Tun a shekarun 1930 aka rubuta labarin mai kuɗin da ya ƙwace wa saurayi budurwa. A duba yadda ramuwar gayya ta ci mai ramuwar, a gwada da yadda muke ƙare irin wannan labari a yau.

Ƙarshen Alewa Ƙasa, ga mai son gina mugu. Muna da ɗan ƙorafi a kansa, zubar da jinin ya yi yawa a wasu wurare. Amma Mailoma mugu ne mai dalili, ba a wayi gari aka gan shi haka ba.

Wa Zai Auri Jahila?, ga mai son yin gyara a al'umma. Balaraba ba ta tsayar da labari ta hau wa'azi ba, ta bar rayuwar Abu ta yi magana.

'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya fito a 2003, ga mai son taɓa batu mai nauyi. Labarin karuwanci ne, amma an rubuta shi da bincike da tausayi, ba don tayar da sha'awa ba.

Bayan waɗannan, a leƙa waje. Mai Larabci ya nemi Kalila wa Dimna ko Najib Mahfuz. Mai Turanci ya nemi Chinua Achebe da Zaynab Alkali. Mai Faransanci ya nemi Mariama Ba. Wanda Hausa kaɗai ya iya bai da uzuri, fassarar Dare Dubu da Ɗaya tana nan tun zamanin kakanninmu.

Sharaɗi ɗaya ne: a karanta da biro a hannu. Inda labari ya kama mu, mu tsaya mu tambayi kanmu me marubucin ya yi har ya kama mu. Inda muka ji gundura, mu nemo dalili, don kada mu yi wa namu masu karatun haka. In kuma mun aro dabara, mu yi irin ta Imam, mu faɗi inda muka samo, mu yi ginin da ƙasarmu. Ɗauko labarin wani a sauya sunaye a sa namu a bango, wannan sata ce, ko a takarda ko a waya.

Aikin wannan mako ke nan. Kowa ya zaɓi littafi ɗaya da aka buga kafin a haife shi, ya karanta shi har ƙarshe, ya zo ya gaya mana abu ɗaya da ya koya da abu ɗaya da bai gamsu da shi ba. Wanda ke da tsohon littafin da ya san ya yi wuyar samu, ya faɗa mana sunansa da na marubucinsa, mu fara sanin abin da ya rage a hannunmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, Ya ƙara wa na raye lafiya, mu kuma Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mun ji daga gare ku.